Gilashin Ƙofar Mota Ruwa-Biyu: Inda Ake Tsorata Mu Daban, Inda Haɗarin Yake Daban

Yau maganarmu a kan mota take, ko in ce a kan wani ɓangare na mota da ba a tuna shi sai ranar da ya tarwatse, wato gilashin ƙofa. Kada mai karatu ya ce abin ya yi ƙanƙanta a ɓata masa lokaci. Na ga yadda wannan ɗan gilashi ke jawo wa mutanenmu asara ninki biyu, ɗaya a hannun wanda ya fasa, ɗaya a hannun wanda zai gyara, musamman idan motar irin ruwa-biyun nan ce mai aiki da fetur da lantarki, wadda ake kira haibirid.

Irin wannan mota ba sabuwar aba ba ce a duniya, domin tun 1997 kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan. Mu dai a nan ba mu waiwaye ta sosai ba sai da wuya ta yi wuya. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. To, a nan ne 'yan canji da 'yan gwari na Mile 12 da dillalan shanu na Agege da ma'aikatan ofis da masu haya ta manhajar waya suka fara tambayar Prius da Camry da Highlander masu batir. An sayi motocin, an samu sauƙin mai, amma ilimin kula da su bai zo tare da su ba.

Shi kuma fashewar gilashin ƙofa, duk wanda ke zaune a Ikko ya san ba sai an yi haɗari ba. Gosulo ya riƙe ka da magariba a wajejen Oshodi ko Mile 2 ko Apongbon, wayarka ko jakar kwamfuta tana kan kujera, sai ka ji tas! Kafin ka juyo yaro ya tsallake titi. Wani kuma a wurin ajiye mota ake yi masa, wani dutse ne daga tayar tirela. Ko ta yaya abin ya zo, washegari mutum zai tsinci kansa a gaban mai gyara, kuma jumlar farko da zai ji ita ce, "Alhaji, ai wannan haibirid ce." Daga wannan jumla farashi ya tashi ke nan.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan jumla ba ta da hurumi a maganar gilashin ƙofa, kuma tsoron da take sa mana yana sa mu jinkirta gyara, alhali jinkirin ne ke iya taɓa abin da ya fi komai tsada a motar. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ƙofa ba ruwanta da babban batir. Motar haibirid batir biyu gare ta. Akwai babba mai tura mota, wanda a Prius ta 2004 zuwa 2009 ƙarfinsa ya kai bolt 201.6, yana zaune a bayan kujerar baya, kuma wayoyinsa masu kauri launin ruwan lemo ta ƙarƙashin mota suke bi zuwa gaba. Akwai kuma ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke ba fitilu da rediyo da makulli da injin ɗaga gilashi wuta. Duk wayar da ke cikin ƙofa ta wannan ƙaramin ce. Saboda haka wanda ya iya sa gilashin Corolla ya iya sa na Prius, kusoshin da za a kwance iri ɗaya ne, babu wata wuta da za ta kama shi a cikin ƙofa. Haka kuma Camry haibirid da Camry mai fetur zalla na zubi ɗaya jikinsu ɗaya ne, galibi gilashin wannan yana shiga waccan.

Don adalci, akwai inda mai sayarwa ke da gaskiya. Ita Prius jikinta nata ne ita kaɗai, ba ta aron gilashin wata mota, kuma ba ta kai Corolla ko Camry yawa a titunanmu ba, don haka kayanta ba su cika kasuwa kamar nasu ba. Idan aka ce maka gilashin ya ɗan fi tsada saboda ƙaranci, wannan magana ce ta kasuwa, sai a yi ciniki. Amma a ninka maka kuɗin aiki da sunan wai akwai haɗarin lantarki, wannan kam cin amana ne. Mu baƙi kuma abin ya fi shafar mu, domin da yawanmu ba ma son doguwar jayayya a kasuwar da ba harshenmu ake yi ba, sai mu biya mu tafi, ko kuma mu ce bari sai mun je gida a gyara.

Wannan "sai mun je gida" ɗin shi ne babban abin da nake so mu tsaya a kai. Mutum zai samu leda da salatif ya liƙe tagar, ya ci gaba da yawo mako biyu, mako uku, wani har ya ɗauki hanyar Kano da ita lokacin Sallah, tafiyar kusan kilomita 1,000. A motar fetur zalla, abin da zai same shi bai wuce jiƙewar kujera da wari ba. A haibirid lissafin daban ne. Babban batirin nan yana ɗaukar zafi idan yana aiki, kuma iskar da ke sanyaya shi daga cikin motar ake zuƙo ta. Akwai wata 'yar taga mai raga a gefen kujerar baya, ko a ƙasanta a wasu zubin, da fanka a bayanta mai jan iska zuwa batir. Littafin da kamfani ke bayarwa tare da motar ya yi gargaɗi kada a toshe wannan taga, kada kuma a bari ruwa ya shiga cikinta.

Yanzu mai karatu ya auna. Gilashin ƙofar baya ya fashe, ɓaraguzansa sun watsu a kan kujera, daidai bakin wannan taga. Ruwan Ikko na watan Yuni da Yuli, wanda ba ya sallama, ya samu leda ya ɗaga ta. Idan kuma hunturu ne aka nufi Arewa, ƙura ce za ta yi ta kwarara ciki fankar tana zuƙa. Fanka ta cushe, iska ta ragu, batir ya dinga aiki cikin zafi, kuma zafi shi ne babban abin da ke rage wa batir kwana. Ruwa kuwa idan ya kai ga mahaɗan wayoyinsa, tsatsa ce ke biyo baya. Ba na cewa daga ruwan dare ɗaya batir zai mutu. Abin da nake cewa shi ne, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kuɗin babban batir ya ninka na gilashin ƙofa sau da yawa. Wanda ya ƙi sa gilashi yau don gudun kashe kuɗi, ya yi gudun gara ne ya nufi gidan zago.

Akwai kuma wani ƙaramin tarko a wurin gyaran kansa. Ƙaramin batirin haibirid bai kai na sauran motoci girma ba, domin ba shi ke murza inji ba, aikinsa ya tada kwamfutar mota ya haɗa babban batir. Idan mai gyara ya bar ƙofofi a buɗe, fitilu na ci, ya kunna wutar dashbod yana ta ɗaga gilashi yana saukewa na tsawon lokaci, sai ƙaramin batir ya yi sanyi, motar ta ƙi nuna alamar READY. Nan take za a ce maka "haibirid ɗin ta samu matsala", a fara lissafa maka kuɗin da ba su da dalili, alhali ɗan caji kawai take buƙata. Idan za a daɗe ana gwaji, a sa ta a READY, giya tana kan P, a fili mai iska. A kuma gaya wa yaran gareji cewa shirun da suka ji ba ya nufin a kashe take, injin na iya tashi da kansa a kowane lokaci.

Sai maganar irin gilashin da za a saya. Gilashin gaba falle biyu ne da wata roba a tsakani, shi ya sa ko ya tsage yake tsayawa wuri ɗaya. Na ƙofa kuwa galibi gasasshe ne, ana gasa shi a zafin da ya haura digiri 600 sannan a huce shi da iska nan take. Wannan ke sa ya ninka gilashin gida ƙarfi kusan sau 4, kuma idan ya fashe sai ya zama ƙanana kamar tsakuwa maimakon dogayen tsini masu yanka. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Don haka duk wanda ya ce zai yanko maka daidai ƙofarka, ko dai gilashin taga ne na gida, wanda ranar haɗari wuƙa ne a gefen wuyanka da na 'ya'yanka, ko kuma roba ce da za ta dushe cikin 'yan watanni. Kada a yarda, araha ba ta ado.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A kusurwar ƙasa ta kowane gilashin mota na ƙwarai akwai tambari. A motocin da aka shigo da su daga Amurka za ka ga DOT da lamba, sannan AS1 a gilashin gaba, AS2 a na ƙofa, AS3 a masu duhu na baya. Na Turai kuma harafin E ne a cikin da'ira. Za ka kuma ga an rubuta Tempered idan gasasshe ne, ko Laminated idan mai falle biyu ne, domin wasu motocin ana sa musu mai falle biyu a ƙofofin gaba don rage ƙara. Ka duba tambarin ƙofar ɗaya gefen da ba ta fashe ba, ka ɗauki hotonsa, ka riƙe shekarar motar da lambar shasi, sannan ka shiga Ladipo ko duk kasuwar da ke kusa da kai. Wanda ya zo da wannan a hannu, ba a yi masa kallon baƙo.

Wajen aikin kuma, ka tsaya a kai, bai fi awa ɗaya zuwa biyu ba. Bayan an cire marfin ƙofa na ciki, akwai wata leda da kamfani ya manna don tare ruwa. A ɗaye ta a hankali, a kuma mayar da ita yadda take, kada a yage a jefar kamar yadda aka saba. A zuƙe duk ɓaraguzan da suka zube a gindin ƙofar, domin su ke toshe ramukan da ruwa ke fita, su sa ƙofa ta ruɓe, su kuma shiga hanyar gilashi su kankare sabon. A share kujerar baya da bakin tagar batir da injin zuƙa, kada a hura da iska, don hurawa ciki take tura su. In an gama, idan gilashin ya daina hawa da kansa da taɓawa ɗaya, ba lalacewa ya yi ba. A yawancin motocin Toyota sai a sauke shi, a ɗaga shi har ƙarshe, a ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙoƙi, zai dawo daidai.

Saura magana ɗaya da ba ta da daɗin ji, amma dole a faɗa. A Ikko mutane na sa a zana lambar motarsu a jikin gilasai da madubai, ba don ado ba, sai don sun san ana cirewa a sayar. Idan aka kawo maka gilashi a gefen titi da rabin kuɗi, ka ga lambar wata motar Najeriya a jiki ko alamar an kankare wani rubutu, ka san daga inda mai yiwuwa ya fito. Mukan zauna a majalisa mu yi ta tsine wa ɓarayin gosulo, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai mai saye ba tambaya, akwai mai cirewa. Gilashin gwanjo da aka ciro daga motocin da suka yi haɗari a waje halas ne, kuma sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. A saya a shago mai adireshi, a karɓi rasit.

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan mai kuɗi a hannu kake wa magana. Gaskiya ne zamanin ya yi tsanani, kuma inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda aka mayar naira 15,000 daga naira 5,000 a farkon 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba ta biyan gilashinka. To idan dole sai an jira, a jira da dabara. A share ɓaraguzan a ranar, a liƙe leda mai kauri ta waje yadda ruwa zai gangara, a ajiye motar a ƙarƙashin rumfa, kada a toshe tagar batir da tsumma da sunan kare ta sannan a hau titi, kuma a haƙura da doguwar tafiya har sai an sa gilashi. Kwana biyu ko uku ba laifi. Wata guda kuwa caca ce da batirin da saboda shi aka sayi motar tun farko.

Allah ya tsare mu da iyalanmu a kan waɗannan tituna, ya kai mu gida lafiya duk lokacin da muka tashi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.