A Auna Rijiyoyin Adar Kafin A Tono Kwal

Ni dillalin albasa ne a Ajame ta Abijan, asalina Adar, kuma ba na cikin masu cewa Nijar ta bar kwal ɗinta kwance a ƙasa. Duk wanda yake da iyali a gida a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarki bayan juyin mulki, ya san ɗacin dogaro da maƙwabci a kan kusan kashi 70 cikin 100 na wutarka. Shi ya sa in aka ta da zancen Salkadamna, can arewa maso yammacin Tawa, inda Shugaba Issoufou Mahamadou ya aza harsashin aikin kwal a 2014, sai ka ga fara'a a majalisarmu ta Tireshbil. Kowa lissafin wuta da aikin yi yake. Ruwan fa?

Ramin kwal ba ya zama da ruwa. In aka yi zurfi har aka tarar da ruwan ƙasa, dole injuna su yi ta zuƙe shi dare da rana, kuma ba daga ramin kaɗai suke ja ba, har na ƙarƙashin gonakin kewaye yana gangarowa. Rijiyar da ake samun ruwanta a gaba biyar sai ta koma goma, daga nan sai laka. Ga kuma dutsen da ake juyowa sama, wanda sau da yawa yana ɗauke da farar wuta. Da ya sha iska da ruwan sama sai ya yi tsami, ya narkar da ƙarafa, ya bi ƙorama zuwa kwari. To, kwari kuwa nan ne fadama take. Ita ma tashar wutar da za ta ƙona kwal ɗin ruwa take sha, kuma a yankin da ba kogi, ƙarƙashin ƙasa za ta nemo shi.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Maiganga, ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ana haƙar kwal don kamfanin simintin Ashaka, kuma jaridun Najeriya sun sha kawo koken mazauna: an tashe su daga gonakinsu, ruwa ya gurɓace, rijiyoyi sun ja baya. Kamfani yana da amsarsa, talaka yana da tasa. Amma in an zo gaban hukuma, wanda ya riƙe takarda shi ake saurara, manomi kuwa ba shi da shaida sai rantsuwa.

Na san za a ce Galmi da Madawa, inda ake noman albasarmu, suna nesa da Salkadamna. Gaskiya ne, ban ce gobe albasarmu za ta bushe ba. Amma ruwan da ke ƙarƙashin Adar yanki ne na babban tafkin ƙasa na Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar da Mali har Sakkwato, bai san iyakar gunduma ba. Kuma kusa da Salkadamna akwai makiyaya da masu lambu waɗanda ba sa turo mota ko ɗaya Abijan, ba wanda zai ji kukansu.

Mu nan muna ganin darajar fadama a buhu. In motar Galmi ta iso, ta ratso Burkina kwana da kwanaki, ka yanke zaren jar ragar da ke bakin buhun, yajin ya daki idonka, matan kasuwa sun riga sun kewaye ka ana ciniki. In kakar albasar Galmi ta wuce, sai ta Holan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, kuma ba mai sayen da ba ya tambaya yaushe ta gida za ta dawo. Kuɗin buhun nan ne ke biyan sadaki da kuɗin makaranta a ƙauyukan Maggiya. Duk wannan a kan rijiyar da ba ta da zurfi yake tsaye.

Mazauna Abijan kuma ba sai an koya mana abin da ke faruwa in an bar kamfani da hukuma su kaɗai ba. A 2006 aka zubar da dattin jirgin Probo Koala a unguwanni, mutane suka mutu, dubbai suka cika asibitoci. Kamfanin Trafigura, wanda ya ɗauki hayar jirgin, ya biya gwamnati sefa biliyan 100, amma aka shafe shekaru waɗanda suka shaƙi gubar suna zaryar neman diyya.

Roƙona ga hukumomin Yamai da na Tawa bai da tsada. Kafin katafila ta taɓa ƙasa, a bi rijiyoyi da tabkunan kewaye ɗaya bayan ɗaya, a auna zurfi da tsabtarsu, rani da damina. Masana na jami'ar Tawa su yi awon, kada a bar wa kamfani. A rubuta sakamakon da Hausa da Tamashek, a karanta a rediyo, kowane hakimi ya ajiye kofi. Kamfani kuma ya zuba kuɗin gyaran ƙasa a asusun da ba zai taɓa ba sai ya cike raminsa. Mu 'yan Adar na Abijan, da muke tara kuɗin gina masallaci da kai gawa gida, muna iya tara na ɗaukar masanin ruwa namu na kanmu, in shugabannin ƙungiyoyinmu sun sa maganar a taro mai zuwa.