Waiwaye Adon Tafiya: Rikardo Zamora, mai tsaron gidan da sunansa ya ɗaure shi, ya kuma kwance shi

A cikin ƴan wasa 11 da ke shiga fili, mai tsaron gida shi ne ma'ajin ƙungiya. Kamar kowane ma'aji kuwa, ba a lissafa masa abin da ya tsare, sai abin da ya salwanta a hannunsa. Mai kai hari yana iya ɓarar da tamola goma, ya ci ɗaya, a ɗauke shi bisa kafaɗa. Mai tsaron gida ya tare goma, ɗaya ta kuɓuce masa, a raka shi gida da zagi. Daga cikin mutanen farko da suka ɗaukaka wannan aiki har ya zama abin alfahari da samun arziki akwai wani ɗan ƙasar Ispaniya mai suna Rikardo Zamora, wanda ƴan ƙasarsa suka ɗauka tamkar ba ɗan Adam ba. Tarihinsa ya cancanci waiwaye, domin ya nuna yadda suna kan zama jari ga mai shi, ya kuma zame masa ƙarfen ƙafa ranar da ƙasa ta rabu biyu.

An haifi Zamora a birnin Basalona ranar 21 ga Janairu 1901. Ya tashi a gidan likita, iyayensa kuma suka so ya bi wannan hanya, amma zuciyar yaron tana tsakanin turaku biyu na raga. A 1916, yana da shekara 15, ya fara tsare gidan ƙungiyar Espanyol. A 1919 ya koma babbar abokiyar hamayyarta, wato Basalona, inda ya ci Kofin Sarki a 1920 da 1922, sannan ya sake komawa Espanyol. Wannan kai da kawowa ba ƙaramin abu ba ne a wannan birni, domin ana kallon ƙungiyar Basalona a matsayin tutar masu kishin yankin Kataloniya, ita kuwa Espanyol ana danganta ta da masu biyayya ga sarautar Madrid. Ke nan tun yana saurayi siyasa ta fara shinshinar rigarsa, ko da shi hankalinsa yana ga tamola.

Ya kamata mai karatu ya san irin wasan wancan zamani. Tamolar ta fata ce mai ɗinki da igiya, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar tulu. Doka ta yarda mai kai hari ya bangaje mai tsaron gida da kafaɗa, ko da tamola tana hannunsa. Ba a kuma sauya ɗan wasa. Wanda ya ji ciwo sai ya daure, ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum 10. Saboda haka ne Zamora ke sanya riga mai kauri mai dogon wuya, da hular yadi mai baki don kare rana, shigar da masu tsaron gida da yawa suka kwaikwaya bayansa. Ya kuma shahara da wata dabara ta kaɗe tamola da gwiwar hannu ko damtse in mahara sun taso masa, har Ispaniyawa suka raɗa wa dabarar sunansa, suna ce mata zamorana.

Ƙasar Ispaniya ta buga wasanta na farko da wata ƙasa ranar 28 ga Agusta 1920 a birnin Buruksel, cikin wasannin Olampik da ƙasar Beljik ta shirya. Abokiyar karawarta ita ce Danmark, wadda ta zo ta biyu a 1908 da 1912, kowa kuma ya ɗauka za ta yi wa baƙin kaca-kaca. Ispaniya ta ci 1 da 0, Zamora mai shekara 19 ya hana ruwa gudu. A wasan da suka doke Italiya 2 da 0 alƙali ya kore shi daga fili saboda ya naushi wani ɗan wasa. Duk da haka suka komo da lambar azurfa. A kan hanyar komawa gida kuma ma'aikatan duwan suka kama shi da sigarin Habana da ya ɓoye, aka tsare shi, aka ci shi tara. Wannan tafiya ɗaya ta tattara halinsa duka: gwaninta, zafin zuciya da son jin daɗin duniya, domin mutum ne mai yawan shan taba, abin da bai taɓa ɓoyewa ba.

A 1926 aka halatta biyan ƴan ƙwallo albashi a Ispaniya, a 1929 kuma aka kafa gasar ƙasa. Ba wanda ya ci moriyar wannan sauyi kamar Zamora. Ya fito cikin silima, ƴan kasuwa suka riƙa sa hotonsa a tallar hajarsu, ƴan kallo kuma suka ƙago wata magana mai cewa ci ɗaya ya isa muddin Zamora ne a raga. A 1930 ƙungiyar Riyal Madrid ta saye shi kan peseta 150.000, kuɗin da ba a taɓa jin an biya kan ɗan wasa ba a ƙasar. Jarin bai faɗi ba: Madrid ta ɗauki gasar ƙasa karo na farko a kakar 1931-1932 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta kuma maimaita a shekara mai bi.

Ranar da ta fi ɗaga shi ita ce 15 ga Mayu 1929, sa'ad da Ingila, uwar wannan wasa, ta zo Madrid. Har zuwa wannan rana ba wata ƙasa daga wajen tsibiran Birtaniya da ta taɓa doke babbar ƙungiyar Ingila. Ingilishi suka fara cin biyu, Zamora ya samu karaya a ƙashin ƙirji, ya ƙi fita, aka tashi Ispaniya na da 4, Ingila na da 3. Amma zuma ga zaƙi ga harbi. A watan Disamba 1931 Ispaniya ta kai ziyarar ramuwa Landan, aka zuba masa ƙwallo 7, ƙasarsa ta rama 1 kacal. Wasu daga cikin masu yi masa kirari jiya suka fara cewa ya tsufa.

Ya ba su amsa a gasar Kofin Duniya ta 1934 da Italiya ta shirya a ƙarƙashin mulkin Musolini. A birnin Jenowa Ispaniya ta fitar da Birazil da ci 3 da 1, Zamora ya tare bugun daga kai sai mai tsaron gida da Waldemar de Birito ya buga, mutumin da daga baya ya gano Pele yana yaro. Ranar 31 ga Mayu, a birnin Fulorans, suka haɗu da masu masauki, a wasan da ya fi kama da dambe. Ispaniya ta fara ci, Italiya ta rama a daidai lokacin da wani ɗan wasanta ya danne Zamora, alƙali kuma ya kau da kai. Har ƙarin lokaci ya ƙare ana 1 da 1. Kashegari aka sake wasan, amma Zamora bai iya fitowa ba saboda raunin haƙarƙari, Ispaniya ta sauya ƴan wasa 7, Italiya ta ci 1 da 0, ta wuce har ta ɗauki kofin. Alƙalin wasa na biyu, ɗan ƙasar Suwis, hukumar ƙwallon ƙasarsa da kanta ta dakatar da shi bayan ya koma gida. A wannan shekara shugaban Jamhuriyar Ispaniya ya rataya wa Zamora lambar girma ta Jamhuriya. Baki ɗaya ya tsare gidan ƙasarsa sau 46, daga 1920 zuwa 1936, ƙwallo 42 kawai suka shiga ragarsa.

Ranar 21 ga Yuni 1936, a birnin Balansiya, Madrid da Basalona suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin ƙasa. Madrid na gaba da 2 da 1, saura ƴan mintoci, sai Eskola na Basalona ya sheƙa tamola ƙasa-ƙasa gefen turke. Zamora, mai shekara 35, ya yi tsalle ya faɗi, ƙura ta turnuƙe, da ta lafa sai aka gan shi rungume da tamola. Wannan ne wasansa na ƙarshe a rigar Madrid. Ba a cika wata guda ba sojoji suka yi wa Jamhuriya tawaye, ƙasar ta faɗa yaƙin basasar da ya ɗauki kusan shekara uku, ya ci dubban ɗaruruwan rayuka.

Daga nan ne suna ya juya wa mai shi. Birnin Madrid ya kasance a hannun magoya bayan Jamhuriya, Zamora kuwa yana rubuta sharhin wasanni a wata jarida ta mabiya cocin Katolika mai suna Ya, wadda ake ɗauka ta ɓangaren ƴan mazan jiya. Wannan kawai ya isa a sa masa ido. Sai jita-jita ta bazu, jaridu a ciki da wajen ƙasar suka buga cewa an harbe shi, ɓangaren ƴan tawaye na Janar Faranko kuma ya yi maza ya mai da shi gwarzon da abokan gaba suka kashe, alhali yana nan da rai. Ƴan bindigar Jamhuriya suka kama shi suka kai gidan kaso na Modelo a Madrid. Ba wurin wasa ba ne, domin daga wannan gida aka riƙa kwasar fursunoni a watan Nuwamba 1936 ana kai su bayan gari ana harbewa. A ɗaya ɓangaren ma ba a bar mutanen ƙwallo ba: sojojin Faranko sun harbe shugaban ƙungiyar Basalona, Yusef Sunyol, a watan Agusta na wannan shekara.

Abin da ya kai Zamora kaso shi ya fitar da shi. Daga cikin masu gadinsa akwai waɗanda suka girma suna yi masa tafi a fili, ba su ga yadda za su miƙa shi ga mutuwa ba. Aka sake shi, ya samu mafaka a ofishin jakadancin Arjantina, a 1937 kuma ya fice zuwa Faransa tare da iyalinsa, ya kama wasa a ƙungiyar birnin Nis. A can ma bai huta ba, gaba kura baya siyaki. Ƴan Jamhuriya na ganinsa ɗan Faranko ne, mutanen Faranko kuwa na tambayar me ya zaunar da shi Faransa bai zo ya yi mubaya'a ba. A Disamba 1938 ya komo, ya buga wasan tara gudummawa ga sojojin Faranko a birnin San Sebastiyan. Duk da haka, a 1940 sabuwar hukuma ta tuhume shi kan zamansa a waje, ta dakatar da shi daga aiki na wasu watanni. Cikin shekarun 1950 kuma gwamnatin nan ta Faranko ta rataya masa tata lambar girma. Ma'aikacin gwamnatin da ya ga sauyin mulki fiye da ɗaya a zamanin aikinsa ba ya bukatar a fassara masa wannan: kowace hukuma ta so ta jingina da sunansa, ba kuma wadda ta amince da shi har zuci.

Bayan yaƙi ya koma horar da ƴan wasa. Ya ci gasar ƙasa a 1940 da 1941 da ƙungiyar da a lokacin ke haɗe da rundunar sojan sama, wadda yanzu ake kira Atiletiko Madrid. Ya kai ƙungiyar Selta wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 1948, ya riƙe ƙungiyar ƙasa na ɗan lokaci a 1952, ɗansa mai sunansa kuma ya gaje shi a tsaron gida. Ya mutu a Basalona ranar 8 ga Satumba 1978, yana da shekara 77.

Lambobin Jamhuriya da na Faranko sun tafi tare da waɗanda suka bayar da su. Wadda ta wanzu ita ce kyautar da jaridar wasanni ta Marca ta ƙirƙiro da sunansa tun kakar 1958-1959, wadda ake ba mai tsaron gidan da aka fi ƙarancin ci a gasar Ispaniya. Ana raba yawan ƙwallon da suka shiga ragarsa da yawan wasannin da ya buga, wanda lissafinsa ya fi ƙanƙanta shi ke ɗauka. Ƴan Afirka ma sun sa hannu a kanta: Jak Songo'o na Kamaru ya ɗauke ta a 1997 yana tsare gidan Deportibo, Yasin Bunu na Maroko kuma a 2022 yana Sebiya. Ragar Espanyol da Zamora ya fara tsarewa, Toma Nkono na Kamaru ya tsare ta daga 1982, bayansa kuma Karlos Kameni daga 2004. Har gobe da abin da ya salwanta a hannun ma'aji ake yi masa lissafi, amma albarkacin Zamora, wanda littafinsa ya fi tsabta yana samun tukuici a ƙarshen shekara.