TARIN FUKA: GANUWAR DA YUNWA KE RUSHEWA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da tarin fuka, kimanin miliyan 1.25 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Nijeriya tana cikin ƙasashe takwas da suka kwashi kashi biyu bisa uku na masu ciwon. A shekarar nan ce kuma aka janye tallafin man fetur a ƙasarmu, farashin abinci ya yi tashin gwauron zabo. Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? To, akwai dangantaka, sai dai ba za a gane ta ba sai an san yaƙin da jiki yake yi da wannan cuta.

Ƙwayar tarin fuka, wadda likitan Jamus Robert Koch ya sanar da gano ta ran 24 ga Maris 1882, iska take bi. Mai ciwo ya yi tari, na kusa da shi ya shaƙa, ta gangara can ƙuryar huhu. A nan akwai waɗansu ƙwayoyin tsaro, mu kira su dogarai, aikinsu su haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi. Amma wannan baƙo yana da riga mai kauri kamar kakin zuma, ya kuma san dabarar hana a narkar da shi. Sai ya mai da cikin dogari ɗakinsa, ya yi ta hayayyafa a hankali.

Akan ɗauki mako 2 zuwa 8 kafin labari ya kai ga sauran mayaƙa su yi shiri. Manyansu su ne fararen ƙwayoyin jini da likitoci suke kira CD4. Da isowarsu sai su ƙarfafa dogaran, su taru su kewaye wurin, su yi masa ɗan ƙulli kamar ganuwar birni. Wani lokaci a gama da abokin gāba sarai, wani lokaci kuwa a tsare shi kawai. Muddin ganuwar tana tsaye, mutum lafiyarsa lau, ba ya tari, ba ya kuma sa wa kowa. Ana ƙiyasin cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar, amma 5 zuwa 10 ne kaɗai cikin 100 ciwon yake kwantar da su.

Ran da masu gadi suka raunana, tsakiyar ƙullin takan ruɓe ta narke, ta fashe cikin hanyar numfashi, ta bar rami a huhu. Daga nan sai tari, wani lokaci har da jini, ga zazzaɓi, ga zufan dare, ga rama. Ashe ba sammu ba ne, ba kuwa gādon gida ba. Dalilin da ya sa yakan bi 'yan gida ɗaya shi ne ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya kuma suke ci.

Me yake raunana masu gadin? Ƙanjamau na gaba, gama ƙwayoyin CD4 ɗin nan yake kashewa. Ciwon sukari, shan taba da giya su ma suna da hannu. Amma idan aka ƙirga yawan mutane, rashin isasshen abinci yana kan gaba a lissafin Hukumar. Jikin da bai sami wake, gyaɗa, kifi ko ƙwai ba, da me zai gina mayaƙa? An gwada wannan a jihar Jarkand ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2023. Cikin mutum fiye da 10,000 da suke zama gida ɗaya da masu ciwon, waɗanda aka riƙa ba su tallafin abinci kowane wata, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Watau mudun hatsi da na wake sun yi aikin rigakafi.

Wannan yana da muhimmanci domin allurar BCG, wadda aka fara amfani da ita tun 1921, ƙananan yara take karewa daga mummunan nau'in ciwon, ba ta cika kare huhun manya ba. A 2024 aka fara babban gwajin wata sabuwar allura mai suna M72 a Afirka ta Kudu. A farkon 2025 kuma Amurka ta datse taimakon da take bayarwa ga ayyukan lafiya a ƙasashe da yawa, har da na tarin fuka. Saboda haka nauyi ya dawo kan gwamnatocinmu. Ba daidai ba ne a ba majiyyaci ƙwayoyin magani a sallame shi zuwa gidan da ba a ɗora tukunya ba. Ya kamata tallafin abinci ya shiga cikin shirin jiyya, a haɗa da iyalinsa.

Mu ma 'yan'uwa akwai namu. Wanda tari ya kai masa mako biyu, ya je a gwada majinarsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Wanda aka sa wa magani ya sha har wata shida cif, ko da ya ji sauƙi a wata na biyu, gama ƙwayar tana da taurin rai, wadda ta tsira kuwa tana iya daina jin magani. A buɗe tagogi iska ta shiga. Kada a ware wa majiyyaci kwano, domin ciwon ba ta kwano yake bi ba, kuma bayan 'yan makonni yana shan magani yadda ya kamata yawanci yakan daina yaɗa shi. Mai zuwa gaishe shi kuma, in da hali, ya riƙe ɗan mudun wake a hannu.