Filin Tarbiyya: Makullin Alli A Aljihun Darakta

 Ina fatan yara sun koma makaranta lafiya, kuma Allah Ya rufa asiri an sauke nauyin rajista da littattafai da ɗinkin kayan makaranta.

Idan uba zai zaɓa wa ɗansa makaranta, tambayoyi uku ya saba yi: nawa ake biya, yara nawa suka ci jarrabawar CEP bara, kuma ana karantar da Alƙur'ani yadda ya kamata? Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma akwai ta huɗu da ban taɓa jin wani uba ya yi ta ba, wato malamin da zai riƙe ajin ɗana, shekararsa nawa a makarantar nan, kuma ana jin maganarsa a cikinta? A kan wannan tambaya nake so mu zauna yau.

Bayan na gama sakandare na koyar shekara biyu a wata makarantar Faransanci da Larabci a nan arewacin Kamaru, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Daraktanmu mutum ne mai himma, kuma ban taɓa jin an zarge shi da cin ko sisin makaranta ba. Shi ke fara zuwa da safe, shi ke kulle ƙofa da yamma. Sai dai komai na hannunsa. Alli yana cikin kabad, makullin kabad yana aljihunsa, kowane malami sanda biyu da safe. Jadawalin darussa mukan tarar da shi manne a ƙofar ofis, kamar yadda ɗalibai ke tarar da sakamakon jarrabawa. Taron malamai kuwa, shi ke buɗewa, shi ke magana, shi ke rufewa da addu'a.

Akwai wata malama mai riƙe da ajin CP, wadda har yau ban ga wanda ya fi ta iya koyar da ƙananan yara haɗa baƙi ba. Wata rana ta same shi a bakin ajinta ta ce, "Malam Darakta, da za ku yarda a mayar mini da darasin karatu farkon safiya, domin bayan an dawo shan iska yaran nan barci suke ji." Ya dube ta a gaban yaranta ya ce, "Malama, koyarwa aka ɗauke ki, shirya makaranta aikina ne." Ba ta ƙara kawo shawara ba, kuma da shekara ta ƙare ta koma wata makarantar. A shekarar da ta biyo baya malamai uku ajin ya gani cikin wata tara, yara da dama suka wuce CE1 ba su iya karanta layi ɗaya ba.

A cikin wannan shekara ce aka yi wa darakta rasuwa a garinsu, ya tafi kwana uku da makulli a aljihu. Shagon da ake sayar da alli yana tsallaken titi, amma babu wanda ya iya cewa a je a sayo, babu wanda ya iya cewa ga mai buga ƙararrawa. Mu takwas, duk baligai, muka zauna gindin bishiyar darbejiya muna kallon yara suna tsalle-tsalle. A ranar na gane cewa ya horar da mu sosai, amma a kan jiran umarni ya horar da mu.

Abin da na gani da idona masana sun daɗe da gwada shi. A shekarar 1939 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Kurt Lewin, wanda ya baro Jamus ya zauna Amurka, tare da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a jami'ar Iowa. Sun raba yara maza 'yan kimanin shekara 10 ƙungiya-ƙungiya suna aikin hannu, kowace ƙungiya da babban mutum mai shugabantar ta. Wani shugaban umarni kawai yake bayarwa, wani yana tattaunawa da yaran kafin a yanke abin da za a yi, na uku kuwa ya sakar musu mara su yi yadda suka ga dama. Yaran mai umarni sun yi aiki da yawa muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar ya fita ɗakin sai aiki ya lafa, wasu kuma su koma huce haushinsu a kan juna. Yaran mai tattaunawa sun ci gaba da aikinsu ko yana nan ko ba ya nan. Waɗanda aka sakar wa mara su suka fi kowa rashin taɓuka abin kirki.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan na ukun ba ya cikinmu. Sau nawa mai makaranta ke naɗa ƙaninsa ko surukinsa darakta domin kawai ya amince masa da kuɗi, shi kuwa yana can kasuwa, sai ƙarshen wata ya leƙo? A irin wannan makaranta babu mai tsawata wa malami, babu kuma mai duba littafin shirin darasinsa, babu mai ce masa sannu. Sabon malami yakan koyi aikin ne ta hanyar yin kuskure a kan 'ya'yanmu.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka neman misalin shugaba mai shawara ba. A Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, malaman tarihi sun kawo cewa Hubabu ɗan Munziri ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce sai ya nuna wurin da ya fi, kusa da rijiyoyi, aka kuwa tashi aka koma can. A shekara ta 5 shawarar Salmanul Farisi ce ta sa aka haƙa ganuwar rami a gefen Madina, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. Amma darasin da ya fi amfanar daraktoci yana Uhudu, a shekara ta 3. Ra'ayin Manzon Allah shi ne a tsaya cikin gari, masu rinjaye suka so a fita, ya bi nasu. Da ya sa sulkensa suka dawo suna nadama, sai ya ƙi warware abin da aka riga aka ƙulla. Bayan an sha wahalar wannan rana, aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta sauka, tana sake umartar sa da ya riƙa shawartar su, kuma idan ya ƙudurta ya dogara ga Allah. Ashe mai shawara shi ma yana yanke hukunci, yana kuma tsayawa a kansa. Bambancinsa da daraktanmu shi ne yana ji kafin ya yanke, kuma shawarar da ta zo da asara ba ta sa ya rufe ƙofa.

Na taso a zauren mahaifina, limami mai makarantar allo, kuma sai da na girma na gane cewa zauren nan makarantar horar da malamai ce. Idan gardi ya kai munzali, Malam kan ware masa ƙolaye biyar ko shida ya ce ya riƙa biya musu. Shi kuma sai ya zauna a kan buzunsa kamar yana jan carbi, alhali kunnensa na wurin. Ba ya gyara wa gardi a gaban yaransa. Sai bayan lisha, an watse, ya kira shi ya ce, "Wane, na ji yaron nan yana haɗiye madda, yaya kake ganin za a yi da shi?" Gardi ya ce, "Allah gafarta Malam, ina ganin a rage masa tsawon abin da ake rubuta masa." Malam ya ce, "To, gwada mu gani." Da yawa daga cikin gardawan nan yau suna da nasu zaurukan. Malam bai taɓa jin sunan Lewin ba, amma ya san wanda ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba, ba zai iya riƙe allon wani ba.

Makarantunmu na Faransanci da Larabci sun fi kowace buƙatar wannan hali, domin gida biyu ne a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga malamin Faransanci da ya fito ENIEG, ko kuma wanda BEPC kawai gare shi. Ga malamin Larabci da ya yi karatu a zaure, ko a Nijeriya, ko Sudan, ko Masar. Na farko ya san shirin darasi da yadda ake auna fahimtar yaro, na biyu ya san hadda da tilawa da ladabtar da zuciya. Sau da yawa ba sa zama tabarma ɗaya, kuma kowa na ganin ɗayan yana cinye masa lokaci. Idan darakta shi kaɗai ke zana jadawali, ɓangaren da ya fito shi ke samun sanyin safiya, ɗayan a tura shi tsakar rana. Yaron da ke tsakiya kuwa ɗaya ne, shi ke ɗauke da aikin gida na malamai biyu da ba su san abin da juna suka ba shi ba.

Dokokin ƙasa ma sun yarda makaranta ba ta mutum ɗaya ba ce. A Kamaru dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ambaci malamai da iyaye da ɗalibai a matsayin jama'ar makaranta, kuma a 2001 aka kafa majalisar makaranta a makarantun gwamnati. A Nijar, inda aka buɗe madarasar gwamnati ta farko a garin Sayi tun 1957, an kafa kwamitocin kula da makarantu da a wancan lokaci ake kira COGES. A 2004 wani shiri mai tallafin hukumar JICA ta ƙasar Japan ya fara aiki da su a jihar Tawa, kuma abin da ya rayar da su abu ne mai sauƙi: a zaɓi 'yan kwamiti da ƙuri'ar sirri maimakon a bar manyan gari su nuna, a taru a tsara aikin shekara, a ƙarshe a karanta wa kowa abin da aka tara da abin da aka kashe. Zuwa 2007 tsarin ya game ƙasar, daga baya Senegal da Mali da Burkina Faso suka ɗauka. A can Japan ɗin kuma, fiye da shekara 100 ke nan malamai na da al'adar shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar sauran na kallo, sannan su zauna su tattauna abin da yara suka gane da abin da ya shige musu duhu.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini. Ga darakta da mai makaranta, shawarata huɗu ce. Ta farko, a zana jadawali a zama ɗaya da malaman ɓangarorin biyu kafin a buɗe makaranta. Ta biyu, a raba makullai: wani ya riƙe kayan aiki, wani jarrabawa, wani tsafta da horo, a kuma san wanda zai tsaya idan darakta ya yi tafiya. Ta uku, yammacin Laraba da ba a karatu, a ware ko sau biyu a wata, malami ɗaya ya gabatar da darasinsa sauran su taya shi gyara, malamin Larabci ya kalli na lissafi, na Faransanci ya kalli na tajwidi. Ta huɗu, duk sabon malami a haɗa shi da tsoho na tsawon shekararsa ta farko, kuma gyara a yi shi a ofis, nesa da idon yara. Sannan a biya albashi a kan lokaci, domin malamin da ke bin bashin wata uku, ko an tambaye shi ra'ayi, tunaninsa na wurin mai gidan haya.

Malamai 'yan uwana, mu ma da namu. Idan aka buɗe ƙofar shawara mu shigo da abin da zai gyara aji, mu bar ƙorafin bayan ido. Idan aka yanke abin da ba mu zaɓa ba mu riƙe shi da hannu biyu, domin shawara ɗaukar ɗaki ce, wanda ya saki nasa gefen ya kayar wa kowa.

Ku kuma iyaye, taron APEE na farkon shekara yana tafe. Kada a bar shi ga mutum biyar da suka saba zuwa, kuma a bar iyaye mata su halarta, domin su suka fi sanin yaron da ke dawowa gida bai gane komai ba. Bayan an gama maganar kuɗi, wani ya miƙe cikin ladabi ya tambaya: malamai nawa suka bar makarantar nan bara, me ya kore su, kuma sau nawa malamai ke zama su duba aikin juna? Daraktan kirki zai yi murna da tambayar.

Daraktan nan namu na nan da ransa, kuma muna gaisawa. Da na gaya masa zan rubuta wannan labari sai ya yi dariya, ya ce in ƙara da cewa yanzu kabad ɗin a buɗe yake kwana, kuma alli bai fi ƙarewa da wuri ba. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen saurare, Ya ba malamanmu haƙuri da lada, Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.