Kirari Ya Yi Yawa, Ina Hujja?

A daren Asabar, 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, kowane mai neman tikitin takarar shugaban ƙasa a PDP ya riga ya hau dandamali ya faɗi nasa. Wakilai na shirin jefa ƙuri'a sai aka sake ba Aminu Waziri Tambuwal dama ya yi magana. Bai daɗe a tsaye ba. Ya ce ya yi shawara da jama'a daga sassan ƙasar nan, ya janye don kishin ƙasa da na jam'iyya, magoya bayansa kuma su zaɓi Atiku Abubakar. Da aka ƙirga, Atiku na da 371, Nyesom Wike na da 237. Shugaban jam'iyya na lokacin, Iyorchia Ayu, ya kira Tambuwal gwarzon taron.

Duk wanda ya zauna ya tsefe wannan jawabi ba zai tarar da lissafi ko doguwar hujja a ciki ba. Ƙarfinsa daga wuri biyu ya fito: bakin da ya faɗe shi, da sa'ar da aka faɗe shi. Gwamna ne mai ci, tsohon kakakin majalisa, shugaban ƙungiyar gwamnonin PDP, ya kuma zo a lokacin da babu sauran wanda zai iya mayar masa da martani. Maganar ta ciwo kan wakilai a daren, amma ba ta gamsar da wanda aka kayar ba. Wike da wasu gwamnoni huɗu suka juya wa Atiku baya, PDP ta shiga zaɓen 2023 da ɓaraka a gida, ta kuma sha kaye.

Malaman zaure da ke karantar da balaga a ƙasar Sakkwato sun daɗe suna gaya wa almajiransu cewa gwanintar magana ita ce ta dace da halin da ake ciki. Aristotil na Girka, shekara fiye da 2,300 da suka wuce, ya ce da abu uku ake shawo kan mai sauraro: mutuncin mai magana, motsa zuciyar mai ji, da hujjar da ke cikin maganar kanta. Babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu. Damuwar ita ce a siyasar mazaɓar Kebbe da Tambuwal, kamar sauran ƙasar Hausa, biyun farko sun cinye fili, ta ukun kuwa sai an yi cigiya.

Abin mamaki, shi kansa Tambuwal da hujja ya yi suna. A watan Yunin 2011 PDP ta ware kujerar kakakin Majalisar Wakilai ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Wakilin Kebbe da Tambuwal, lauyan da ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya fito da magana guda mai sauƙin ganewa mai wuyar musawa: majalisa ce ke da hakkin zaɓen shugabanta, ba fadar shugaban ƙasa ko ofishin jam'iyya ba. 'Yan adawa suka ga ribarsu a ciki, 'yan PDP da dama suka ga mutuncinsu a ciki. Ya ci da ƙuri'a 252, abokiyar takararsa ta samu 90. Ko da an yi cinikin siyasa a bayan fage, maganar da aka kawo bainar jama'a magana ce da mutum zai iya aunawa ya yarda ko ya ƙi.

A gida kuwa salon daban ne. A je taron kamfe a Dogon Daji, ko Sanyinna, ko cikin garin Kebbe. Kafin ɗan takara ya buɗe baki, maroƙa da 'yan ma'abba sun gama masa rabin aikin: ɗan wane jikan wane, sarautarsa kaza, hannunsa a buɗe yake. Lasifika na ta amon waƙa. In ya karɓi magana zai fara da addu'a, ya gaida sarakuna da malamai ɗaya bayan ɗaya, ya tuna wa mutane cewa shi nasu ne, nan aka yanke masa cibi. Sai ya juya kan abokin hamayya da habaici. Habaici dabara ce mai kaifi, domin ba a kama suna: kowa ya san da wa ake, amma in wancan ya tanka ya amsa laifi, in ya yi shiru an ci shi. Daga nan sai alkawari, ruwa da hanya da taki da aikin yi, babu adadi, babu wa'adi, babu bayanin inda kuɗin zai fito. A rufe da "in Allah Ya yarda", jama'a su ce amin.

Akwai jimlar da ta fi kowace toshe bakin mai tambaya: mulki na Allah ne, Yana ba wanda Ya so. Gaskiya ce da babu Musulmin da zai musa. Amma idan aka jefo ta daidai lokacin da talaka ya tambayi ina kuɗin asibitin garinsu, an mayar da ita garkuwa, an sa mai neman hakkinsa ya ji kamar da ƙaddara yake jayayya. Wannan zalunci ne ga talakan da kuma maganar.

Waƙa ma ba a raina ta. Salihu Jankiɗi, Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo sun nuna yadda kiɗa ke ɗaga basarake sama da tsararsa, Dauda Kahutu Rarara kuma ya nuna a 2015 abin da amshi mai daɗi ke yi wa zaɓe. Amma ba dole ne waƙa ta zama fanko ba. Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu da garuruwanta. Mawaƙan NEPU irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin sun zuba hujja a cikin baiti, suka faɗi abin da ke damun talaka da sunansa. Waƙar kamfe ta yau yawanci yabo ce da zambo, ta ƙare.

Mutanen wannan mazaɓa sun ga wakilinsu ya shiga majalisa a ANPP a 2003, ya koma PDP, ya tafi APC a Oktoban 2014, ya dawo PDP a Agustan 2018. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk manyan 'yan siyasar jihar sun yi irin wannan zirga-zirga, kuma a kowace tafiya bayanin kusan ɗaya ne: an yi rashin adalci, jama'a ne suka nema. Wa ya taɓa tsayar da ɗayansu ya ce ya nuna bambancin manufa tsakanin inda ya baro da inda ya nufa? Ga shi kuwa ƙuri'ar mutum ɗaya na da nauyi a nan fiye da yadda ake zato. A zaɓen gwamna na 2019, bayan zagaye na cike gurbi, Tambuwal ya samu 512,002, tsohon mataimakinsa Ahmed Aliyu ya samu 511,660. Tazarar 342 ce, jama'ar da ba su cika sahun masallacin Juma'a ɗaya ba. A daidai wannan lokaci Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci, da kashi 87.73 cikin ɗari a rahotonta na 2019, sannan kusan kashi 91 a ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na 2022. Wannan nauyi na kan duk waɗanda suka mulki jihar tun 1999, daga Bafarawa zuwa Wamakko zuwa Tambuwal zuwa mai ci yanzu. Irin waɗannan alƙaluma ne ya kamata su zama jigon kamfe, amma da wuya a ji su a bakin mai riƙe da lasifika.

Abin da ya fi ciwo shi ne ƙasar nan ta gaji wata al'ada ta daban. Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, tana nan kudu da birnin, ɗansa Muhammadu Buhari kuma shi ya riƙe garin Tambuwal, malami ne kuma mawaƙi. Jama'ar Shehu da wa'azi suka tara mutane tun kafin a zare takobi, da Fulatanci da Hausa, a harshen da makiyayi da manomi ke ji. Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye da waƙoƙin karantar da mata. Sun san motsa zuciya sarai, waƙoƙinsu na tsoratarwa da ranar hisabi sun isa shaida. Sai dai ba su tsaya nan ba.

Bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya aiko da wasiƙa yana tuhuma. Ya nemi a gaya masa dalilin yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka, masallatansu a tsaye. Ya amince akwai rashawa da cin dukiyar marayu da miyagun al'adu a Borno, amma ya ce saɓo daban kafirci daban, kuma irin waɗannan laifuffuka har a Masar da Sham akwai su, ba wanda ya kafirta mutanensu. Ya ma yaba littattafan Shehu Usmanu kafin ya soki aikin mabiyansa, dabarar da ke sa suka ta shiga ba tare da an toshe kunne ba. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya amsa masa dalla-dalla, ya kafa hujja da cewa sarakunan Borno sun taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, ya kuma kawo batun yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da itatuwa. Masana har yau suna saɓani a kan wanda ya fi hujja. Abin lura shi ne Bello ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa a cikin Infaƙul Maisuri, littafinsa na 1812. Da ya ga dama da ya bar su sun ɓace. Ya ajiye su inda mai karatu zai ga ɓangarorin biyu ya yi hukunci da kansa. A nemo ɗan siyasa ɗaya a yau da zai karanta wa magoya bayansa mafi ƙarfin hujjar abokin hamayyarsa kafin ya ba da amsa.

Kada kuma a ɗauka batun ya tsaya ga zaɓe. A ƙarshen Oktoban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da ya ce ana tauye 'yancin addini, yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla, washegari ya yi barazanar kawo hari. Labarin yana da tushe: an kashe Kiristoci a wurare da dama, kuma kisan da aka yi wa wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Mayun 2022, wanda Sarkin Musulmi ya yi tir da shi, ya zaga duniya. Dabarar tana wajen abin da aka tsallake. Ba a ambaci mutum fiye da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba, ko matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar wannan shekara, ko ƙauyukan Kebbe da 'yan bindiga suka addaba. An ɗebi rabin gaskiya aka jiƙa ta da tausayi, aka miƙa wa masu sauraron da ba su san taswirar Sakkwato ba. A daren 25 ga Disamba, 2025, Amurka ta harbo makamai. Gwamnatin Tarayya ta ce sansanonin 'yan ta'adda a yankin Tangaza aka nufa, ta kuma tabbatar da cewa ɓaraguzai sun faɗo a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Manoman Jabo ba su da hannu a muhawarar da aka yi a Washinton, amma a gonakinsu wani yanki na sakamakonta ya sauka.

Zaɓen 2027 na tafe, kuma kujerar Kebbe da Tambuwal na cikin waɗanda za a yi ja-in-ja a kansu. Gidan Rediyon Rima da tashoshi masu zaman kansu na iya zaunar da 'yan takarar wuri ɗaya, da Hausa, ba maroƙi ba mawaƙi, kowa da mintunansa daidai da na ɗan'uwansa. A tambayi mai neman komawa nawa aka ware wa ayyukan mazaɓa a shekarunsa, a wane gari aka yi su, wa ya karɓi kwangilar. A tambayi sabon shiga aiki uku da zai fara da su, kuɗinsu nawa, zuwa yaushe. A naɗi amsoshin, malaman makarantun sakandare na Tambuwal da Kebbe su kai su aji, ɗalibai su ware inda aka yi kirari, inda aka nemi tausayi, da inda aka kawo abin da za a iya bincikawa. Bayan shekara biyu kuma a sake sa wannan faifai a rediyo, a kira wanda ya ci ya zo ya saurari muryarsa ya ba da bayani.