Rababben Allon Bugu da Bukatar Marubucin Hausa

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Duk wanda ya leƙa shagunan buga takardu a Ikara, ko Maƙarfi, ko Kudan, lokacin da ɗalibai ke haɗa kundayensu, zai tarar da masu bugu a duƙe kan kwamfuta tun hantsi har almuru. Ba abin mamaki ba ne a ji mai wannan sana'a yana kukan ciwon wuyan hannu da sagewar kafaɗa.

Tushen matsalar tsoho ne. Jerin haruffan QWERTY gādo ne daga tafiretar Christopher Sholes, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Allo ne guda miƙaƙƙe, wanda ke tilasta wa mai bugu ya matso da hannuwansa wuri ɗaya, ya karkata wuyan hannu wajen ƙaramin yatsa. Don kauce wa haka aka ƙera rababben allo, irin su Maltron na Ingila a shekarun 1970 da Microsoft Natural a 1994. An raba maɓallan gida biyu, kowane hannu da nasa, domin wuyan hannu ya zauna a miƙe.

To, amma ga marubucin Hausa, sauƙin gaɓoɓi rabin zance ne. Tun shekarun 1930 aka shigar da ƙ da ɗ da ɓ cikin rubutun boko, amma allunan da ke kasuwa ba su tanadar musu maɓalli ba. Mai bugu in ya gaji da farautarsu sai ya zubar da lanƙwasa, ƙafa ta koma kafa, baƙi su koma baki. Malamin da ke duba kundi shi ya san yawan makin da wannan sakaci ke cinyewa.

Saboda haka, mai niyyar saye ya kamata ya duba abu 3. Na farko, ya zaɓi allon da ake iya sauya wa maɓallansa aiki, domin haruffa masu lanƙwasa su zauna kusa da yatsu. Na biyu, ya tabbata ya iya bugu da yatsu 10, domin mai tsintar haruffa da yatsa 2 ba abin da rabuwar za ta ƙara masa sai ruɗani. Na uku, ya auna aljihunsa, domin kayan waje ne masu tsada. Wanda bai da hali ya ɗora tsarin Hausa da ke cikin Windows, ya daidaita tsayin kujera da tebur, ya riƙa hutar da hannu.

Daga ƙarshe, rababben allo rigakafi ne, ba magani ba; wanda yatsunsa suka fara sagewa, asibiti ya kamata ya nufa. Sashen Hausa kuwa, haƙƙinsa ne ya koya wa ɗalibai bugu kamar yadda yake koyar da ƙa'idojin rubutu.