Bugun Zariya, Bugun Kano, Da Littattafan Da Ke Cikin Adaka

Duk wanda ya zaga wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Jimeta, ko ya leƙa makarantun zaure na Damare da na cikin garin Yola, zai tarar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya jibge, kuɗinsu kuwa bai taka kara ya karya ba. Yaran yanzu suna tsammani haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa kakanninmu, in ɗalibi yana son littafi, sai ya ari na malaminsa, ya fiƙe alƙalami, ya dafa tawada, ya zauna ya kwafe shi baƙi bayan baƙi. Takardar ma ba a nan ake yin ta ba. Mafi yawanta, watau mai alamar jinjirin wata uku, daga ƙasar Italiya take fitowa, daga yankin birnin Venice, ta biyo ta Tarabulus ko Misira, raƙuma su ƙetaro da ita Sahara har Kano da Barno, sa'an nan ta iso Fombina.

Musulmi ba su yi gaggawar miƙa littattafan addini ga injin ɗab'i ba. Ko a Istambul, da aka ba Ibrahim Mutafarrika izinin kafa maɗaba'a cikin 1727, sai da aka gindaya masa sharaɗin kada ya taɓa littattafan addini. Wasu marubuta sukan kira wannan duhun kai, amma ni ban gan shi haka ba. Mai kwafa da hannu in ya yi kuskure, littafi ɗaya ya ɓata, malaminsa kuma zai gyara masa ranar da ya zo karatu. Inji kuwa in ya yi kuskure, sai ya haife shi sau dubu, ya watsa shi garuruwan da babu mai gyarawa. Sai da maɗaba'ar Bulak ta Alƙahira ta kafu a shekarun 1820 tukuna hankali ya fara kwanciya, har aka kai ga Mus'hafin da malaman Azhar suka duba aka buga cikin 1924.

A nan Arewa, tushen al'amarin yana Zariya. Can ne Hukumar Talifi ta zauna a ƙarƙashin Dokta Rupert East, wanda mu mutanen Adamawa muke da rabo a aikinsa, gama ya tattara labarun Adamawa na da cikin Fillanci ya fitar da su littafi. Can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, da Malam Abubakar Imam a kan kujerar edita, can kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945 da injinansa na kansa. A farkon shekarun 1950 aka kafa hukumar NORLA don ciyar da Yaƙi da Jahilci gaba, ta riƙa fitar da jaridun larduna, har da Ardo ta lardin Adamawa. Hukumar ba ta daɗe ba, an rushe ta cikin 1959, amma a wannan zamani ne talaka ya saba da sayen littafin addini da 'yan kwabbansa, irin su Ibada da Hukunci na Malam Haliru Binji da waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, wasu da boko wasu da ajami. Kamfanin NNPC ya gaji aikin cikin 1966. Manyan littattafan masu jihadi kuwa, Misira aka kai su a zamanin Sardauna: tafsirin Liya'ut Ta'awili na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fito a Alƙahira cikin 1961, Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello ya biyo baya cikin 1964.

To, amma abin da ya cika zaurukanmu da littattafai wata dabara ce daban. Malamanmu ba su taɓa sakin jiki da baƙaƙen dalma na Gabas ba, domin idonsu ya saba da namu rubutun mai kauri, wanda ake ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, karatu kuwa na Warshu. Da injin ɗaukar hoton shafi ya zo, sai 'yan kasuwar Kurmi ta Kano suka gane ba sai an jera baƙi ba. A sami mai kyakkyawan hannu ya rubuta littafin kamar yadda aka saba, da tazara tsakanin layuka don ɗalibi ya sami wurin rataya fassara, a ɗauki hotonsa, a buga dubbai, a bar shi warƙa-warƙa ba ɗinki don a sa a gafaka. Ta haka hannun marubuta irin su Sharif Bala Gabari ya kai ƙasashen da ƙafarsu ba ta taka ba. Wannan hikima ce babba, kuma ban san wata hukuma da ta tsara ta ba, 'yan kasuwa da malamai ne suka ƙaga abinsu.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan littattafai na kasuwa ka juya, sau da yawa ba za ka ga shekarar bugu ba, balle sunan malamin da ya duba. Wani ya ɗauki hoton bugun wani, na uku ya ɗauki hoton na biyun, har ɗigo ya shuɗe, wasali ya narke. A littafin fiƙihu kuwa, kalmar korewa guda ɗaya in ta faɗi, haram ta koma halal. Ɗalibai uku a gaban malami ɗaya, kowa da nasa bugu, in malam ya ce a buɗe shafi kaza sai a yi ta lalube.

Wannan matsala wasu sun riga mu gamuwa da ita, sun kuwa yi maganinta. Ina nufin Yahudawa. Kada mai karatu ya ɗaure fuska, gama wanda ya je koyon ƙira, riƙon guduma yake dubawa, ba ya tambayar inda maƙerin yake fuskanta in zai yi ibada. Babban littafin fiƙihunsu shi ne Talmud, taskar hukunce-hukunce da muhawarorin malamansu na da. Wanda ya fara buga shi cikakke wani Kirista ne, Daniel Bomberg, a birnin nan na Venice da takardarmu ke fitowa daga yankinsa, ya gama cikin 1523. Ya sa matani a tsakiyar shafi, sharhi ya kewaye shi, kamar dai yadda muka sani a littattafan nan masu rawayar takarda na Misira. Lambobin shafin da ya sa, su ake bi har yau, shekara ɗari biyar ke nan.

Gidan da ya kai aikin maƙura shi ne na iyalin Romm. Baruk Romm ya kafa maɗaba'arsa a Grodno cikin 1789, ya mai da ita Vilna, babban birnin Lituwaniya na yanzu, cikin 1799. Malamansu suna da wata al'ada mai amfani: in mutum ya zuba dukiyarsa ya buga babban littafi, sai su ba shi takardar amincewa, su haramta wa kowa sake buga shi har shekaru kaza, don kada wani ya girbe abin da bai shuka ba. A kan irin wannan takarda ce rigima ta tashi tsakanin gidan Romm da wani gidan ɗab'i na garin Slavuta, ta raba kan malamai. Ana cikin haka gwamnatin Rasha ta rufe maɗaba'un Yahudawa cikin 1836, ta bar biyu kacal, ta Vilna tana ciki.

Da Dauda Romm ya rasu cikin 1860, matarsa Debora ta karɓi ragamar gidan tare da 'yan'uwan mijinta, har sunan kamfanin ya koma na Bazawara da 'Yan'uwa Romm. Ita ce, da manajanta Samuel Feigensohn, suka ɗauki nauyin bugun Talmud da aka yi daga 1880 zuwa 1886. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne haƙurin da aka yi kafin a kunna inji. Sun ɗauki malamai masu gyara suna bin shafi layi-layi, sun aika aka kwafo tsofaffin sharhohin da ba a taɓa bugawa ba, har daga ɗakin karatu na fadar Paparoma a Rum. Debora ta rasu cikin 1903, maɗaba'ar kuma ta mutu cikin 1940 da Rasha ta mamaye ƙasar, Yahudawan Vilna kuwa Jamusawan Hitila suka hallaka mafi yawansu. Amma shafin yana nan, hotonsa ake ta bugawa. Tun 1923 suke da tsarin karanta warƙa ɗaya kowace rana, warƙa 2,711 cikin kimanin shekara bakwai da rabi, na Amurka da na Ingila duk a wuri ɗaya suke buɗewa.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan a Mus'hafin Madina, wanda maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe cikin 1984 take bugawa da hannun Usman Ɗaha, shafi 604, layi 15 a kowane shafi. Mahaddata sun san daɗinsa, domin aya ba ta barin gurbinta. Ya kuwa zo da karatun Hafsu, ya shiga Islamiyyu, har yaro ya tashi bai iya karanta rubutun kakansa ba. Ban ce a ƙi shi ba, alheri ne. Amma littattafan malamanmu na gida, babu wata Madina da za ta buga mana su.

Ga Modibbo Raji, wanda ya baro ƙasar Gwandu ya zauna a Yola a zamanin Lamiɗo Lawal, ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙin wa'azi na Fillanci. Ga sauran modibbe da alƙalan Fombina da suka biyo bayansa. Gidan Arewa na Kaduna ya adana wasu takardu, jami'o'i sun ɗauki hoton wasu, amma da yawa suna cikin adaka a gidajen magada, inda gara ke aikinta ba hutu. Mun ga yadda Binuwai ta yi ambaliya cikin 2012 da 2022. Mun ga mutanen Mubi cikin 2014 sun gudo da kayan jikinsu kawai, har aka tsugunar da wasu a sansanin masu bautar ƙasa na nan Damare. Wanda ke gudun ransa ba ya ɗaukar adaka.

Inji ba shi ne matsala ba yanzu, ko a Jimeta akwai masu bugawa, kwamfuta kuma ta sauƙaƙa aikin. Abin da babu shi ne zaman gyara. Ina ganin fadar Lamiɗo da Jami'ar Modibbo Adama suna iya haɗa malaman zaure da na jami'a, a ɗauki littafi ɗaya tak, a nemo kwafinsa uku ko huɗu daga gidaje daban-daban, a gwama su, inda suka saɓa a nuna a gefe. A rubuta sunan wanda ya duba da shekarar bugu, a tsai da lambar shafi, duk mai son sake bugawa ya bi ta. Magada kuma a ba su tabbacin za a mayar musu da takardunsu, gama tsoron aron da ba ya dawowa shi ya sa da yawa suka kulle adakarsu. In da za a tambaye ni, da waƙoƙin Modibbo Raji za a fara, tun da sauran tsofaffin da suka haddace su a ka, waɗanda in ɗigo ya goge a takarda za su iya faɗin kalmar da ke wurin.